Magini Mai Sammako

A tashar Dakoro, Hamdiya na jiran motar Birnin Lalle kusa da wani dattijon da ba ta sani ba, yana zaune bisa wani ƙunshi lulluɓe da tabarma. Hira ta kai su ga ɗakin da take ginawa.

"Baba, maginin nan nawa ban yarda da shi ba. Tun da asuba yake kwaɓa siminti, kafin in iso. Me yake ɓoyewa?"

"Ɗiyata, a zafin garin nan haka ake yi," in ji dattijon. "In rana ta take, daɓe sai ya bushe da sauri ya tsattsage. Ki sa a riƙa ba shi ruwa safe da yamma, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna."

"To, na ji. Amma siminti na ta ƙarewa, daɓe ko ƙofa bai kai ba."

"Haba! Sallau bai taɓa kayan mutane."

Hamdiya ta dube shi, ta dubi tabarmar.

"Baba, yaushe na gaya maka sunansa? Ɗan tashi in ga abin da kake zaune a kai."