Ƙanzon Kawu Nusrat

Aikin farko na yau, Alhamis: wanke shinkafa sau biyar, a jiƙa ta da gishiri. An yi, ƙarfe shida da kwata.

Da sunan Allah Mai rahama. Mai girma limamin masallacinmu, Haj Agha Tahiri. Shugaban majalisar unguwa. Tsofaffin ma'aikatan gidan waya na birninmu Kazwin, abokan aikin marigayi. Uwarmu Khanum Fakhri, matar marigayi. 'Yarsa Gulnar da maigidanta. Maƙwabta da 'yan'uwa, assalamu alaikum.

Ni ne Faramarz, ɗan ƙanwar marigayi Agha Nusrat. Ban san abin da ya sa aka zaɓe ni in yi magana a ranar arba'in ɗinsa ba, ga waɗanda suka fi ni ilimi da baki a zaune. Sau uku na sake rubuta jawabin nan. In kun ga ina ta waiwaye, ku yi mini uzuri: akwai tukunya a kan wuta a madafa, kuma minti hamsin ke nan ban buɗe murfinta ba. Duk wanda ya san ni ya san wannan abin a yi shela ne!

Ya kasance mai raba mana wasiƙu shekara talatin da ɗaya. Ya san gidan da ake jiran saƙon ɗa daga aikin soja, ya kuma san gidan da ba mai rubuto musu ko layi ɗaya. Irin wannan gida shi yake ƙwanƙwasa wa ƙofa ranar Juma'a, da tukunya naɗe cikin zane.

Ya kasance mai tukunya. Kaza ta kwana cikin kindirmo da za'afaran da albasa da kirfa. Shinkafa kwaɓe da gwaiduwar ƙwai a gindin tukunya, kaza a tsakiya, sauran shinkafar a sama. In ya kife ta a faranti, ƙanzon ya fito ja-ja-wur kamar an yi masa wankan zinariya, sai ka ji yara sun yi tsit. Wane ne a cikinmu bai ci ba? Ya ɗaga hannu mu gan shi.

Ya kasance mai doka ɗaya tak. Kun san halinmu: a miƙo maka abu ka ce a'a, a sake ka ce a'a, sai a na uku ka karɓa kamar an tilasta ka. To a gaban ƙanzon Kawu, tayi ɗaya ne. Haj Agha, ka yafe mini, amma sai na faɗa. Ranar farko da liman ya ci abinci a gidan nan, aka miƙa masa, ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi na ƙoshi." Kawu ya zarce da faranti.

"Agha Nusrat," in ji liman, "ba za ka sake tayi ba?"

"Haj Agha, ka rantse ka ƙoshi. Ni wane ne da zan ƙaryata liman?"

Mako na gaba, liman ne ya fara miƙa hannu.

Ni kuwa shekara tara ina koyo. Yana nan a littafina: gwaji ashirin da shida, goma sha ɗaya sun ƙone, sha biyar sun caɓe. Na auna mai, na auna ruwa, na sa agogo. Kawu yana kirana Akawu saboda rubutun nan nawa.

"Akawu," ya ce mini, "wutarka lafiya lau, manka lafiya lau. Kai ne ciwon. Kana leƙa tukunya kamar mai gadin kurkuku. Duk leƙe ɗaya, tururi ya gudu."

"To Kawu, yaya zan san ta yi?"

"Jiƙa yatsa ka taɓa gefenta. In ta ce cas, rage wuta, tafi ka sha shayi."

"Minti nawa?"

"Fakhri! Zo ki ji! Wai minti nawa!"

"Ka ƙyale yaron nan, Nusrat."

"Yaro? Dubi furfura!"

Na rubuta: kada a buɗe murfi. Na ja layi biyu a ƙarƙashi. Gwaji na gaba na buɗe sau huɗu.

Kwana shida kafin rasuwarsa ya riƙe hannuna ya ce, "Ranar arba'in ɗina kada a sayo abincin kasuwa. Kai za ka dafa, a babbar tukunyata."

Na ce, "Kawu, zan ba ka kunya."

Ya ce, "Ni ina ruwana? Ba na nan. Kai za ka sha kunyar."

Yau Khanum Fakhri da kanta ta naɗe murfin da tsumman da ta ɗinka masa, ta ƙulle shi ƙulli biyu, ta ce, "Ka taɓa shi, in na je lahira sai na gaya masa." Ban taɓa ba. Jama'a, ban taɓa ba! Ko ta yi, ko ta ƙone, ban sani ba, kuma ga ni a tsaye ban faɗi ba.

Khanum Fakhri, shekara arba'in da huɗu kina niƙa masa za'afaran. Unguwar nan ba za ta bar ki ki ci abinci ke kaɗai ba. Gulnar, mahaifinki bai bar gida ko ɗaya a layin nan da bai ciyar ba. Duk ƙofar da kika ƙwanƙwasa, taki ce.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah Ya jiƙan Agha Nusrat, Ya haskaka kabarinsa, Ya ciyar da shi kamar yadda ya ciyar da mu. Amin. Gulnar, kawo babban farantin, kafin ƙarfin halina ya ƙare.

Ƙari, ga masu karanta wannan takarda da ba su samu zuwa ba. Na ɗora gindin tukunyar a kan jiƙaƙƙen tawul, na kwance tsumma, na rufa faranti, na yi bisimilla, na kife. Sai muka ji tim. Na ɗaga. Ta fito! Ta fito gaba ɗaya, ja-ja-wur, sai wani ɓalli kamar tafin hannu da ya maƙale a gefe. Liman ya ɗaga murya da salati, kuma kafin a gama amsawa hannunsa yana kan faranti.

Khanum Fakhri ce na fara miƙa wa. Ba ta ce a'a ba. Ta tauna, har na bakin ƙofa sun ji ƙaras. Ta ce, "Gishiri ya yi kaɗan." Na fara ba ta haƙuri a kan ɓallin da ya maƙale, ta katse ni. "Kullum sai ya maƙale masa. A tsaye yake kankare shi ya cinye a madafa, don kada ku gani. Je ka ci rabonka. Tukunyar ma ka tafi da ita."

Na ci, a tsaye. Na rubuta: gwaji na ashirin da bakwai.

Ayyukan gobe, Juma'a:
Mayar da kujerun masallaci.
Wanke tsumman murfi, a shanya.
Ƙara gishiri rabin cokali.
Tambayi Khanum Fakhri wane gida ne layin tukunyar Juma'a ya zo kansa.
Nemo zanen naɗe tukunya.
Kada in buɗe murfi.