Baƙar Kwat a Watan Oktoba

HARU: Mama? Ina wuni?

MAMA: Wa ke magana? Ƙara ta yi yawa.

HARU: Ni ne, Tomoharu. Ina cikin jirgin ƙasa, na fito tsakanin taragai.

MAMA: A'a, Haru. Lafiya lau. Ya Osaka? Ya Fumika da 'yar jikata?

HARU: Suna gaishe ki. Ya gwiwar? An gama yankan shinkafa?

MAMA: Gwiwa tana nan da halinta. Shinkafa maƙwabta sun kama mini. Kai fa, ya kafaɗar? Kullum sai na kunna wasan ƙwallon besbol a talabijin, rabon da in ga an sa ka jifa tun damina.

HARU: Da sauƙi. Mama, baƙar kwat ɗina da na bari bayan addu'ar Baba, tana nan?

MAMA: Kwando?

HARU: Kwat. Gida zan zo in ɗauka, gobe in juya.

MAMA: Daga ofishin ƙungiyar wasanku aka kira ka.

HARU: Wata 'yar magana ce kawai.

MAMA: Ni za ka yi wa 'yar magana? Matar ɗan wasa mai jifan ƙwallo ce ni tun ba a haife ka ba. In aka ce wa ɗan wasa a Oktoba ya zo ofis da kwat, sallamarsa za a yi. Ni na ɗaura wa babanka lakataya ranar tasa.

HARU: To, haka ne. Sun gama da ni. Ban ma gaya wa Fumika ba.

MAMA: Kwat ɗin dai na goge ta tun jiya da safe.

HARU: Jiya? Yau fa suka kira ni. Wa ya gaya miki?

MAMA: Na je ajiye shinkafa gaban hoton marigayi babanka kamar yadda muka saba, sai na ji tim, tim, daga bayan rumbu. Ka san sautin.

HARU: Iska ce, Mama.

MAMA: Iska ta san ta yi jifa, ta jira ƙwallo ya dawo, ta sake? Shekara da shekaru ina jin wannan sautin. Kullum yamma yana jifan bangon nan, taga a buɗe don kada waya ta yi ƙara bai ji ba. Har ya mutu ba wanda ya kira. Tsoro nake ji, Haru. Ka dawo gida. Ga gona, ga ɗaki, yarinya ta yi makaranta a nan.

HARU: Akwai gwajin 'yan wasan da aka sallama wata mai zuwa, duk ƙungiyoyi za su turo mutanensu.

MAMA: Da wace kafaɗar? Kai da ko riga sai matarka ta sa maka hannu?

HARU: Za ta warke. Hunturu ɗaya kawai nake so. Ba zan bar hannun ya yi sanyi ba, ko bango na samu zan riƙa jifa. Wani zai kira, ki dai yi haƙuri da ni.

MAMA: Me ka ce?

HARU: Na ce ki yi haƙuri da ni, wani zai... za mu shiga ƙarƙashin dutse, layin zai...

MAMA: Muryarka ta canja. Haka babanka ya faɗa ranar da aka sallame shi, a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba.

HARU: Mama, kina ji na?

MAMA: Wa ke magana? Baban Haru, kai ne? Baban Ha...