Jar Riga a Cikin Masu Shuɗi

Muna zaune a tasha muna jiran motar Kano ta cika, sai wani dattijo, da ganinsa dillalin shanu ne, ya miƙa wa saurayin da ke gefensa waya.

"Yaro, duba min hoton nan. Abakar ɗana ne, watansa biyu a Ingila yana karatu. Ka ga yadda Bature ya shaƙe shi? Yau zan ce ya dawo gida."

"Baba, ai filin ƙwallo ne. Bari in karanta abin da ya rubuta. Kai! Jar riga ya saka, ya je ya zauna cikin masu shuɗi."

"To sai me? A gidan kallonmu na unguwar Fezzan masu ja da masu shuɗi benci ɗaya suke zama, su zagi juna, su tashi su sha shayi."

"Can kowa da ɓangarensa. Ya ce tsohon Baturen nan ne ya cire rigar sanyinsa ya rufe shi kafin a gani a far masa."

"Shaƙewar fa?"

"Runguma ce. Masu shuɗi ne suka ci, dole shi ma ya yi tsalle. Ya ce tsohon har gida ya kai shi, kuma kowace Asabar tare za su riƙa zuwa."

Dattijon ya daɗe yana kallon hoton.

"Kullum na kira, daga shi sai bango. Ko maƙwabci bai sani ba."

"To, in rubuta ya dawo?"

"Ina! Ya zauna. Ka dai tambaye shi, ta ina ake aika wa Bature rago?"