Tsinken Tsintsiya Ya Tsayar Mana da Yoyo

Malama mai gabatarwa, barka da aiki. Ladi ce daga Samaru. Damina biyu kwanon ɗakinmu yana yoyo a kan keken ɗinkina. Sau uku maigidana yana hawa, bai ga ɓular ba.

Sai maƙwabciyata Mama Ngozi, mai sayar da manja a Sabon Gari, ta shigo da rana tsaka, ta rufe ƙofa da taga. Ta ce, "Ladi, ɗaga kanki!" Da yake ba silin, duk inda haske ya leƙo, sai in taka tebur in soka tsinken tsintsiya. Maigida ya hau, ya bi tsinkayen yana liƙewa da kwalta. Tun ranar, ko ɗigo!

A gaishe mini da Mama Ngozi, injiniyar da ba ta taɓa hawa tsani ba.