Jan Fenti a Layin Famfo Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwanmu Kirista, salama a gare ku.

Mai girma shugaban wannan zama, masu girma 'yan kwamitin sake tsara unguwanni, injiniyoyi da ma'aikatan safiyo masu awon ƙasa da suka rako ku, iyayenmu masu unguwanni, limamanmu da fastocinmu, iyayenmu mata da suka bar tukwane a kan wuta suka taho, matasan da ke tsaye a bakin tagogi saboda benci ya ƙare, da duk wanda muryata ta kai kunnensa: ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, ina yi muku barka da shan sanyin safiyar nan.

Sunana Sharafaddeen Salim. Tela ne ni. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina taka keke a ɗakin gaba na gidan mahaifina, a Layin Famfo Biyu da ke Kongo-Rasha, a nan Jos. Ban taɓa tsayawa gaban taro irin wannan ba, don haka ku yi mini uzuri. Mutanen layinmu sun turo ni ne domin ni ke shugabantar ƙungiyar layin, kuma domin akwai wata magana da ke wuyana, wadda bai kamata ku ji ta daga bakin kowa ba sai nawa.

Ina gode wa kwamiti da ya kira wannan zama, ya ce a zo a faɗi abin da ke rai kafin a sa hannu na ƙarshe. Ina gode wa shugaban makarantar nan da ya ara mana zaure. Ina kuma gode wa maƙwabtana da suka rufe shagunansu yau suka zo, alhali kowa a cikinsu ya san sauran kwanakin buɗewar ƙidayayyu ne.

Ya mai girma shugaba, ga abin da ya kawo mu. Mako biyar da suka wuce, ranar Talata da hantsi, wata farar mota ta tsaya a bakin layinmu. Ma'aikata biyu suka fito, ɗaya da takardu, ɗaya da gwangwanin fenti. Suka bi ƙofa-ƙofa, duk inda ake sana'a sai a miƙa takarda a shata jan fenti a bango. Takardar ta ce a sabuwar taswira layinmu wurin kwana ne kawai, ba a yarda da kowace irin sana'a a cikinsa ba, kuma an ba mu kwana casa'in mu kwashe zuwa wani fili da aka ware a bayan gari. Ƙofa ashirin da uku aka shata. Yau saura kwana hamsin da biyar. Ba ni kaɗai ke ƙirga su ba. Duk wanda kuka gani a bencin nan na dama, da wannan lissafin yake tashi kowace safiya.

Kafin in roƙi komai, bari in fara da gaskiyar da ba ta yi mini daɗi. Mun san dalilin da ya sa idon hukuma ya faɗo kan layinmu. Gobarar bara ce. Kuma ina da hannu a cikinta.

Akwai wani mutum da ya kama hayar ɗaki a tsakiyar layin, ya fara ɗura iskar gas ta girki a ciki. Ƙanin matata ne. Bango ɗaya ne ya raba shi da Malam Jika, dattijon da ya fi shekara saba'in, mai gyaran agogo, wanda ƙafafunsa suka daɗe da yin rauni har sai an riƙe shi yake tashi. Daura da su kuma shagon Madam Theodora yake, wadda duk layi ke kira Mama Uche, mai sayar da burodi da sabulu da kayan shayi. Sau uku matar nan tana tsallako hanya ta same ni a kan keke. Zuwanta na uku ko sallama ba ta tsaya yi ba, ta ce mini, "Baban Salma, wannan abu yana wari har cikin shago na. Kai ne ciyaman. In ba ka yi magana ba, wa zai yi?" Na ce mata, "Mama Uche, ki yi haƙuri, zan same shi." Ban same shi ba. Na ji nauyin surukuta, na ce gobe, goben ta zo na ce jibi.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar muka ji ƙarar fashewar gas ɗin. Kafin in fito daga bayan keke, wuta ta riga ta haye rufin Malam Jika. Maza muna tsaye muna ihu a kawo ruwa, a kawo yashi, a kira 'yan kwana-kwana. Mama Uche ba ta yi ihu ba. Ta fizgi bargon da take lulluɓa da shi saboda sanyi, ta tsoma shi a duron ruwa, ta shiga ɗakin dattijon. Ita da Hajiya Binta mai injin markaɗe suka jawo dattijon nan har tsakiyar hanya. Kwana tara ya yi a asibiti. Ranar da na je duba shi na ƙarshe, na durƙusa zan nemi gafararsa, sai ya katse ni, ya ce, "Sharafaddeen, agogon fasto na cikin aljihun rigata. Na gama gyara shi. A kai masa, kada ya ce na riƙe." Washegari Allah ya karɓi ransa. Allah ya ji ƙansa, ya gafarta mini.

Don haka, ya mai girma shugaba, babu wanda zai tsaya a nan daga layinmu ya ce doka ba ta da amfani. Mun ga abin da rashin doka ya yi. Mun wanke shi da hannunmu, mun kai shi makwancinsa. Da a ce akwai wata takarda a lokacin da ta hana ɗura gas a tsakiyar gidaje, da na riƙe ta na je wurin surukina na ce ba ni ba ne, hukuma ce, da wataƙila Malam Jika na zaune tare da mu yau.

Amma ku duba abin da ya biyo baya. Mai gas ya bar garin tun a makon gobarar. Jan fentin da aka zo shatawa saboda shi, a bangon Mama Uche ya sauka. Matar da ta yi gargaɗi sau uku, matar da ta shiga wuta lokacin da maza suka ja baya, matar da har yau yatsunta biyu na hannun dama ba sa miƙewa, ita aka miƙa wa takarda cewa burodinta haɗari ne ga unguwa. Ina tsaye aka yi. Na ce wa mai fentin, "Ɗana, ka san matar da kake shata wa bango kuwa?" Ya sauke burushinsa, ya dube ni da ladabi, ya ce, "Baba, wallahi ban sani ba. Ni layi aka ba ni, ba sunaye ba. A taswira duk launi ɗaya ne." Ban ga laifinsa ba. Amma tun ranar maganar nan ba ta bar kunnena ba: a taswira duk launi ɗaya ne. Keken ɗinki da tukunyar gas launi ɗaya. Mai aski da mai ajiye fetur a jarka launi ɗaya.

Ku bar ni in faɗa muku yadda shagunan nan suka samu, domin ba da rana ɗaya muka wayi gari muka fasa bangon gidajenmu ba. Kakanninmu haƙar kuza ta kawo su wannan tudu. Da kuza ta ja baya, kowa ya koma ga abin da hannunsa ya iya, kuma ya yi shi a ƙofar gidansa. Sannan babbar kasuwar Taminus ta ƙone, mutane da yawa suka dawo gida da mabuɗin rumfar da babu ita. Mijin Mama Uche, marigayi Obiajulu, yana cikinsu. Ni na ɗinka labulen da ya rataya ranar da ya mayar da ɗakin baƙinsa shago. A cikin ɗakin nan suka ciyar da 'ya'ya huɗu, a cikinsa ya yi jinyar ajalinsa, a cikinsa matarsa ke zaune har yau.

Yanzu zan taɓa maganar da kowa a zauren nan ya sani, kowa kuma yake kauce mata. Mun san garin da muke ciki. Mun san abin da ya ratsa ta kanmu a shekarun rikici. Mun san akwai unguwannin da Musulmi ke duba rana kafin ya shiga, akwai waɗanda Kirista ke duba rana kafin ya shiga. Lokacin da nake yaro, gidajen Kirista a layinmu sun kai ashirin. Yau saura huɗu. Kuma duka huɗun nan, da shagon ƙofar gida suke ci. Abin da ya riƙe su a cikinmu, shi ne kowace safiya sai 'ya'yanmu sun je sayen burodi wurin Mama Uche, kowace yamma sai jikokinta sun kawo markaɗe wurin Hajiya Binta, kowace Kirsimeti sai na kwashe mako biyu ina ɗinka musu kaya kamar yadda nake yi wa namu da Sallah. Mutumin da kake gani kullum, ka san tarinsa, ka san ranar da bai buɗe ba, da wuya wani ya zo ya gaya maka cewa maƙiyinka ne ka yarda. Idan kuka rufe ƙofofin nan, ya mai girma shugaba, me zai sa mu riƙa haɗuwa? Idan mun daina haɗuwa, wa zai tsaya wa wani ranar da jita-jita ta shigo layi? Wannan shi ne abin da ke hana ni sukuni, fiye da tunanin inda zan kai kekena.

Filin da aka ware mana kuwa, na je na gan shi. Keke Napep biyu mutum zai hau kafin ya isa. Babu rufi, babu ruwa, babu wuta. Hajiya Binta takaba ta fita bara, marayu biyar take riƙe da su, injinta kuma a kafe yake da siminti. Wace uwa ce za ta ɗauki roba ɗaya ta tattasai ta hau keke biyu don a markaɗa mata?

Saboda haka ga roƙonmu. Na farko, a raba taswirar nan launi biyu. Duk abin da ke fashewa ko yake ci da wuta, gas ne, fetur ne, walda ce a tsakiyar gidaje, a fitar da shi, mu da kanmu za mu nuna muku ƙofofin. Mun riga mun ƙirga, guda uku ne, kuma masu su suna nan a zaune, sun yarda su tashi idan an ba su lokaci. Sauran ashirin ɗin, a ba su izini a rubuce, a gindaya musu sharuɗɗa, a riƙa zuwa ana dubawa. Ni da na yi shiru bara, na yi alkawari a gaban jama'ar nan, idan na sake ganin abin haɗari a layinmu, ko na ɗan cikina ne, ni zan fara kai ƙara.

Na biyu, kafin ku sa hannu, ku zo. Ku bar mota a bakin titi, ku tako layin da ƙafa daga famfo na farko zuwa na biyu. Tafiyar minti goma ce. Ku zo da safe lokacin da ake buɗewa, ku ga su wane ne ke ƙarƙashin launin nan.

Na uku shi ne mafi gaggawa, kuma ba zai jira zama na gaba ba. A dakatar da ƙirgen kwanakin nan, a kuma faɗa mana yau. Ga dalilina. Babban ɗan Mama Uche, wato Uche, yana zaune a Anaca. Da ya ji labarin takardar, ya ce mahaifiyarsa ta tattara ta koma gida. Jiya da rana na leƙa shagonta, na tarar da kantocin a share, kayan ɗakinta a ɗaure cikin buhuna. Motar da ya turo ranar Asabar za ta iso. Sauran gidaje ukun kuma ita suke kallo. Sun gaya mini idan ta tafi, ba su ga abin da za su zauna jira ba. Na ce mata, "Mama Uche, ki dakata mana, gobe za a yi zama."  Sai ta ce, "Baban Salma, shekara arba'in ina nan. Kabarin miji na yana nan. Ba na so in tafi. Amma ka tambaye su, su gaya mini gaskiya: in kwance kaya, ko in bar shi a ɗaure?"

Ga ta can a benci na uku, mai koren ɗankwali. Ta taɓa roƙona in yi magana ban yi ba. Yau na yi. Tambayarta ce na ajiye a gabanku, kuma ni ba ni da amsarta, ku ke da ita.

Allah ya ba shugabanninmu basirar yanke hukunci da adalci, ya sa tausayin na ƙasa a zukatansu. Allah ya tsare gidajenmu daga wuta, ya tsare zukatanmu daga zargin juna. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya raya marayun da suka bari. Allah ya zaunar da Jos lafiya, ya zaunar da Filato lafiya, ya mayar da kowa gidansa ya tarar da maƙwabcinsa yana nan.

Na gode da kuka saurare ni. Na gode.