Jar Fitilar da ke Ƙarƙashin Sitika

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan ƙungiya ta masu haya da babur, da mataimakansa. Malam liman da ya buɗe mana da addu'a. Dattawan bakanikai da ke zaune a layin gaba. 'Ya'yana da ƙannena matuƙa, waɗanda ke kan benci da waɗanda suka gwammace su zauna a kan baburansu. 'Yan uwana mata da ke can gefen rumfa: ina yi muku barka da wannan yini.

Kafin komai ina neman afuwa. Na tsayar da ku a lokacin da fasinja ke tsaye a bakin titi, kuma muryata ba ta nisa. Wanda bai ji ba ya ɗaga hannu, zan maimaita. Ba ni aka gayyata ba. Maigidana aka gayyata, wanda kuka fi sani da Baba Mai Kunne, domin ya yi muku bayani a kan jar fitilar man inji da ke jikin sababbin baburanku. Kun san idanunsa sun yi hazo. Ya ce ba zai iya shigowa ana riƙe da hannunsa a gaban yaran da ya koya wa riƙon sifana ba. Sai ya zaunar da ni ya biya mini karatun kamar yadda ake biya wa ɗalibi allo, har na haddace. Amana ce na ɗauko. Inda maganarsa take zan ce tasa ce, inda tawa take zan ce tawa ce. Na gode wa shugaba da ya yarda da wannan wakilci.

Ni dai na daɗe da sanin fitilar nan, tun ban san sunanta ba. Muna da ƙuruciya, in ya ɗauko ni a babur ɗin wani da ya gama gyarawa, nakan leƙa ta saman kafaɗarsa. In ya murɗa makulli sai fitilar ta kama, wata 'yar buta ja ta bayyana, da ɗigo guda a bakinta, ɗigon da har yau bai faɗo ba. In injin ya tashi sai ta ɓace. Nakan yi ta tunanin ina take tafiya. Iska na kaɗa mayafina, bishiyoyi na wucewa baya, ni kuwa hankalina na kan butar nan, ina jiran ta dawo. Wata rana na ce masa, "Ni fa ina son in sake ganinta." Ya yi dariya ya ce, "Ki roƙi Allah kada ki gan ta muna tafiya."

To ga saƙonsa.

Na farko, ya ce kamawarta a lokacin murɗa makulli gaisuwa ce kawai. In injin ya tashi ta mutu, lafiya. Amma in ta ƙi mutuwa, ko ta kama kana tsakiyar tafiya, to ka gangara gefe ka kashe injin nan take. Ba sai ka sauke fasinja a gidansa ba, ba sai ka kai kwanar gaba ba. Ya ce mai shi ne ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe yana raba su, in ya janye ba su da mai rabo.

Na biyu, ka kafa babur ɗin a miƙe a wuri mai daidai, ka ɗan jira man ya sauko ya kwanta. Ka zaro sandar awo, ka goge ta da tsumma mai tsabta, ka mayar, ka sake zarowa, sannan ka duba. In ya yi ƙasa ka ƙara irin wanda injin ya saba sha. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi ko akwai yoyo a wajen notin juye ko a bakin filta, wato matatar mai. Ka murza man a tsakanin yatsu, ka sunsuna. In ya tsinke kamar ruwa, ko yana warin fetur, lokacin juye ya wuce.

Na uku, kuma nan ne ya fi nanatawa: in mai a cike yake fitilar kuma tana ci, kada ka yanke mata hukuncin ƙarya da kanka. Wataƙila wayarta ce ta goge tana taɓa jikin ƙarfe, wataƙila abin da ke kunna ta ne ya tsufa. Wataƙila kuma matatar ce ta toshe, ko famfon man ya gaji, man yana nan kwance amma ba ya hawa inda ake jiransa. Wannan sai bakanike ya auna. Ka tura babur ɗin da ƙafa. Ya ce gumin turawa yakan bushe kafin la'asar, amma injin da ya buga sai an buɗe cikinsa.

Maganarsa ta ƙare nan. Saura tawa, kuma bai san zan faɗe ta ba.

Tun da ya bar gareji, zamansa a ƙofar gida yake, a kan tabarma, fuskarsa na kallon titi. Ya ce abin da yake gani yanzu kamar mai ne da ya zuba a kan ruwa, launuka na yawo ba su da gefe. Amma kunnen yana nan. Da farko kowane babur ya wuce sai ya yi masa magana. "Wancan sarƙarsa ta saki." "Wancan yana jin ƙishi." Ina tsakar gida ina wanki ina jinsa, kamar makiyayi yana kiran dabbobinsa ɗaya bayan ɗaya. Sannu a hankali maganar ta ragu. Har ya zamana babur zai wuce yana kuka, shi kuwa ko kansa ba zai juya ba. Abinci ma sai ya taɓa ya ture.

Kwanakin baya, da hantsi, ɗaya daga cikinku ya tsaya a ƙofarmu zai sauke maƙwabciya. Na nemi izininsa kafin in ba da labarin nan, ya ce in faɗa. Ga shi can yana ɓoye fuska, wanda kuke kira Ba-Birki.

Ban ankara ba sai na ji muryar maigida, irin wadda na manta da ita: "Kai, kashe injin nan!"

Ba-Birki ya ce, "Baba, lafiya lau yake, yanzu na sha hanya da shi."

Maigida ya ce, "Na ji hanyar a muryarsa. Fitilar mai ba ta kama ba?"

Ya ce, "Ai Baba, fitilar nan surutu gare ta kamar surukar da ba a ba shayi ba. Fasinja na ganinta sai ya ce in sauke shi. Na yi maganinta."

Maigida ya kira ni ya ce, "Zo ki ara mini idonki." Na je na duba, sai ga sitika a manne a kan fitilar, an rubuta addu'ar neman tsari a jiki. Ba-Birki ya ce, "Inna, ba ni kaɗai ba ne, rabin tasha haka muka yi. Ga kariya, ga kwanciyar hankali."

'Ya'yana, ban yi karatu mai zurfi ba, amma malamin da ya koya mini ya ce addu'a da bin sababi tare suke tafiya. Ba a rufe gargaɗi da sunan Wanda ya ba mu idon ganinsa. Na sa farce na ɓamɓare sitikar a hankali don kada rubutun ya yage, na manna ta a gaban babur ɗin, inda ta dace. A ƙarƙashinta ga 'yar butata ja, tana ci alhali injin na aiki, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Da aka kashe injin aka zaro sandar awo, bakinta kawai man ya taɓa.

Ba-Birki ya dafe kai. Maigida ya ce, "Birki babu, mai babu, kai da me kake tafiya, albarkar iyaye?" Aka yi dariya, har da Ba-Birki. Aka sayo mai, aka ɗaure wani noti da aka tarar yana yoyo, aka sake tayar da injin, maigida ya kara kunnensa a jikinsa, ya daɗe, yana murmushi kamar wanda ke sauraron jariri yana barci. Ran nan da na kai masa abinci ya nemi ƙari.

Washegari ba wanda ya tsaya. Shirun ya dawo.

Na zauna da bakanike tsawon rayuwata, na san abin da ake yi in alama ta bayyana. Ba na so in manna wa shirun maigidana sitika in ce haƙuri. Saboda haka ga roƙona, kashi biyu. Kowa ya ɓamɓare abin da ya rufe fitilarsa da shi, yau, kafin ya bar rumfar nan. Sannan ku ba Baba Mai Kunne gefen benci guda a inuwar tasharku da safe, duk wanda zai fita ya tayar da injinsa a gabansa. Ba sadaka nake nema masa ba. Aiki ne, kuma ku ne za ku amfana. Ni zan rako shi, ni zan karanta masa sandar awo, har ya saba da hanyar.

Allah ya tsare ku a kan titi, ya tsare waɗanda kuke ɗauka. Allah ya mayar da kowa ga iyalinsa da ƙafafunsa. Allah ya sa albarka a cikin guminku, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Mai girma shugaba, ina roƙon kada amsar ta daɗe. In kun yanke shawara, ku aiko ɗayanku a kan babur. Ba sai ya ɗaga murya da sallama ba, tun daga kwanar layinmu maigida zai san wanda ya zo.

Na gode.