Kokon Zakariyya'u

A bencin ɗakin gwajin jini na wani asibitin ƙwaƙwalwa, Inna Saratu na ta murza bakin mayafi. Christy, wata mata daga Kakuri, ta dube ta.

"Mama, kwantar da hankalinki. Ƙanina ma ana ɗibar nasa. Yawan maganin da ke jikinsa kawai ake dubawa."

"In mutum ya ce ba ya sha fa?"

"Jini ba ya ƙarya. Likita zai faɗa a gabansa."

"A gabansa?"

"Ɗanki ya daina sha ne?"

"A ganinsa ya daina tun azumi, wai Allah ya warkar da shi. Ni nake daka ƙwayar in zuba masa a koko."

"Ai kin kyauta, tunda ya samu sauƙi."

"Ba ki gane ba, 'yar nan. Ciwon nasa ke nan, wai ana sa masa guba a abinci. A kan haka ya saki matarsa. Duk duniya girkina kaɗai yake ci."

Ƙofa ta buɗe, ɗanta Zakariyya'u ya fito dafe da auduga, yana murmushi.

"Inna, yau za su gani da idonsu, babu magani a jinina."